Risala a Kan Fastar Gidan Tarihi da Haddin Akuya

Amma bayan haka. Ka sani, ya kai mai neman tahƙiƙi, cewa masana sun cika takardu da bayanin abin da ake ajiyewa a gidan tarihi, da yadda ake jera littattafai a ɗakin karatu, da irin hasken da ya dace da zane idan an rataye shi. Sai dai sun yi sakaci da fannin da duk waɗancan suka dogara a kansa, wato takardar da ake mannawa a waje domin ta kira mutane zuwa ciki. Wannan giɓi ne babba, kuma shi risalar nan ta ƙuduri aniyar cikewa gwargwadon hali.

Na taƙaita bahasin ga gundumomi uku na jihar Maraɗi, su ne Gidan Rumji da Agye da Gazawa, saboda dalili biyu. Na farko, hanya ɗaya ce ta ratsa su duka, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, ta gaisa da Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa, kana ta miƙe Tasawa zuwa Damagaram. Gidan tarihi na ƙasa yana yamma da mu, na Damagaram yana gabas, mu kuma muna tsakiya, inda kira ya fi kayan tarihin saurin isowa. Dalili na biyu mai ƙafa huɗu ne, zai zo a fasalinsa.

Tanbihi: Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, kafin nan tana ƙarƙashin Agye. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke wa bangon Agye yana hawa kan bangon Gazawa, sai fa in an sami dalilin da ya shafe shi.

Fasali na farko: ta'arifi da rukunai

Fasta, wadda mutanenmu na nan suke ce wa afish, ita ce takarda mai fuska ɗaya, mai ɗauke da sura da kalma, wadda aka kafe a tsaye inda jama'a ke wucewa, da niyyar ta sa mai tafiya ya sauya inda ya nufa.

Kowane ƙaidi a nan yana da wanda ya kora. Cewarmu "takarda" ta fitar da allon mai aski, domin shi katako ne ko kwano. Cewarmu "fuska ɗaya" ta fitar da jarida. "Sura da kalma" ta fitar da sanarwar ofishin magajin gari, wadda kalma ce zalla, da motar da yara suka zana da gawayi, wadda sura ce zalla. "A tsaye" ta fitar da wadda ke kwance a tiren mai ƙosai: wannan ta taɓa zama fasta, yanzu kuwa ta shiga wani babi. "Niyya" kuma ta fitar da kalanda, domin kalanda ba ta son ka je ko'ina, so take ka zauna inda kake ka san kwanan wata.

Rukunanta huɗu ne: mai kira, da wanda ake kira, da abin da ake kira zuwa gare shi, da bango. Wasu sun ƙara na biyar, wato manne. Rinjayayyen zance shi ne manne sharaɗi ne ba rukuni ba, tunda ƙusa tana tsaya masa.

Abin da ake kira zuwa gare shi ko dai na kusa ne ko na nesa. Na kusa shi ne ɗakin karatun gari, ko na lakwal, ko na gidan matasa da al'adu, ko irin waɗanda ake kira CLAC, da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara buɗewa a garuruwan karkara a 1986, Nijar ma ta sami rabonta. Na nesa shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama. Fadar Sarkin Gobir da ke Tsibiri, garin da Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ba ta shiga wannan rabo ba, ko da yake tarihin da ke cikinta ya ishi gida guda. Mai tambari da maroƙa ba ya buƙatar sitati.

Fasali na biyu: surar da ta halatta a zana

Asali a wannan babi shi ne cewa ido ba ya zuwa gaban bango da wofi. Yana zuwa ne da abin da ya saba gani. Bangunan ƙasar nan kuwa, musamman tun bayan ƙarancin abinci na 2005, asibiti da ƙungiyoyin agaji ne suka rene su: rigakafin shan inna, gidan sauro, wanke hannu, tamowa. Sakamakon haka, duk takarda mai launi da ta bayyana da safe, tambayar farko da ake yi mata ita ce wace cuta kuma ta shigo. Mai zane da bai san wannan ba zai faɗa cikin ɗaya daga kurakurai huɗu.

1. Ya zana iyali suna murmushi a ƙofar ɗakin karatu. Jamhuru za su fassara shi da tazarar haihuwa, kuma da gaskiyarsu, domin ba a saba ganin miji da mata da yara biyu kacal a takarda ba sai a wannan babi.

2. Ya zana mutum ya sunkuya a kan littafi. Sunkuyawa a zane tana ɗaukar ma'ana uku: karatu, gyangyaɗi, da zaman makoki. Biyu daga ciki ba sa jawo baƙi. Maganinsa a buɗe masa ido sosai, amma ba har ya zama kamar an karanto masa sammaci ba.

3. Ya zana ƙwarangwal ɗin dinozor, ƙatuwar dabbar nan da aka tono ƙasusuwanta a Gadufawa cikin jihar Agadas, wadda ta mutu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. A Yamai wannan abin alfahari ne. A kasuwar dabbobi ta Cadawa kuwa, dabbar da haƙarƙarinta ke waje sanarwar likitan dabbobi ce, kuma tana iya karya farashin sa kafin azahar. In ya ce bari ya koma ga masu rai, tunda gidan tarihin Yamai yana da zaki da dorina da kura, to ya kiyayi kura, kada a zaci gardawa ne za su zo ranar kasuwa.

4. Ya zana itacen Tenere. Wannan ya fi sauran buƙatar tsayawa.

Itacen Tenere wata ƙaya ce da ta tsaya ita kaɗai a cikin hamada, babu wani itace kusa da ita har tsawon kilomita masu yawa, ayari na kwatance da ita, har taswirori suka san ta. A 1973 wani direban babbar mota, duk da faɗin filin da Allah ya hore masa, ya same ta ya kayar. Aka kwaso gangar jikinta aka kai Yamai, aka gina mata rumfa a gidan tarihi, aka kafa na ƙarfe a gurbinta. Babu shakka kayan tarihi ce ta gaske. Amma dubi wanda ake kira. Manomin Ɗan Saga ne a gundumar Agye, ɗaya daga mutanen da tun tsakiyar shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture, suka koma sassabe na reno, suna barin tsiro biyu ko uku su tashi, har aka ƙiyasta cewa jihohin Maraɗi da Damagaram sun mayar da itace wajen miliyan 200 a gonaki kimanin hekta miliyan 5. Baƙi daga ƙasashen waje suke zuwa kallon gonarsa. Wannan bawan Allah ake ce wa ya biya kuɗin mota, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 700, domin ya ga busasshen itace guda ɗaya. Ba mu ce kiran ɓatacce ne ba. Mun ce dai hujjarsa tana buƙatar ƙarfafawa, kuma ba a layi biyu za a ƙarfafa ta ba.

Ga yadda irin wannan kira yake sauka, a bakin tasha, tsoho ya tsayar da ɗan lakwal:

"Ɗana, mi anka rubuta nan?"

"Baba, cewa anka yi a taho Yamai a ga kayan tarihi."

"Su ka biyan mota?"

"A'a, Baba."

"To, a gaishe su."

Mai nazari zai lura cewa fastar ta cika aikinta har kashi uku cikin huɗu: an tsaya, an duba, an fahimta. Kashi na huɗu a hannun mai mota yake. Turawan Landan sun gane wannan tun da wuri. Daga 1908, lokacin da aka danƙa wa Frank Pick tallan jirgin ƙarƙashin ƙasa, kamfanin jirgin ne da kansa yake sa gwanayen zane su yi fastocin da ke tura mutane gidajen tarihi da na namun daji, domin kujeru su cika a sa'o'in da ma'aikata ba sa tafiya. Wato mai cin kuɗin tafiya shi ke biyan kuɗin kira. Bisa ƙiyasi, a nan nauyin yana kan kamfanonin bas da sarkin tasha. Na bar wa mai ƙarfin zuciya ya kai musu wannan fatawa.

Fasali na uku: haddin akuya

Wannan shi ne cibiyar risala, kuma dalili na biyu da aka yi alkawari.

Ƙasar nan ita ce mahaifar jar akuyar Maraɗi, wadda darajarta ta kai har hukuma ta buɗe mata cibiyar kiwo ta musamman a Maraɗi a 1963. Tana da yawan haihuwa, tagwaye ba baƙo ba ne gare ta, tana da nono, tana da fata mai kyau. Tana kuma da wata siffa da littattafan kiwo ba su ba ta haƙƙinta ba: ita ce mafi naci cikin masu bibiyar fasta. Mutum yana duba takarda ya wuce. Akuya tana zuwa, ta shinshina, ta kama kusurwar ƙasa ta hagu ko ta dama da leɓe, ta ja a hankali har takardar ta taso da dogon tsiri, sannan ta tsaya tana tauna tana kallon hanya, kamar mai jiran a kawo ta gaba.

Tsayinta a kafaɗa kimanin santimita 60 ne, wanda da a nan ta tsaya da babu mas'ala. Amma tana miƙewa a kan ƙafafun baya, ta dafa bango da na gaba, ta ƙara da wuya, ta cika da harshe. Iyakar inda harshen ya kai shi muke kira haddin akuya, kuma wajibi ne gefen fasta na ƙasa ya kasance sama da shi. An yi saɓani wajen ƙayyade shi zuwa zance uku, na kuma jingina kowanne ga gunduma ɗaya domin sauƙin hardacewa.

Zancen Agye: kamu uku daga ƙasa. Hujjarsa sauƙi, domin mai manna yana iya aunawa da ƙirjinsa ba sai ya nemi igiya ba.

Zancen Gazawa: kamu uku da taƙi ɗaya, saboda ihtiyaɗi. Masu wannan zance sun ce na farko ya auna akuya ya manta da bunsuru, wanda ya fi ta tsawo, ya kuma fi ta rashin kunya.

Zancen Gidan Rumji: babu adadi tsayayye, ana komawa ga al'adar unguwa, a auna da akuyar da ta fi kowace tsawo a wurin. Wannan ya fi sauran kusa da tahƙiƙi, ya kuma fi su nisa da aiki, domin yana buƙatar a kamo akuyar a tsayar da ita, ita kuwa ba ta miƙewa sai don buƙatar kanta.

Duk zantukan uku sun yi ittifaƙi cewa ana auna haddi ne daga inda akuya za ta iya tsayawa, ba daga inda mai manna ya tsaya ba. Tulin tubali, da turmin da aka kifa, da dakalin mai shayi, da amalanken da aka jingine, duk ƙasa ne a hukunci.

To, me zai hana a ɗaga takarda can sama a huta? Abin da ya hana shi ne haddi na biyu, wato haddin hula: matsayin da idan mutum ya ɗaga kai zai karanta, hularsa za ta faɗi baya. Dattijo ba ya sayar da hularsa don sanarwa. Mai tallar fura ma, da ƙwarya a ka, ba ta da ikon ɗaga kai ko kaɗan. Saboda haka ingantacciyar fasta tana zaune ne a ɗan tsakanin nan, sama da harshen akuya, ƙasa da faɗuwar hula. Takardar A3, mai tsawon santimita 42, tana shiga cikinsa da walwala. Ta A2, mai kusan 60, tana shiga da ƙyar. Abin da ya fi haka, mai shi ya zaɓi wanda zai ɓata wa.

A nan ne mushkila mafi girma take, wadda ban ga wanda ya warware ta ba. Ɗakin karatu yara yake nema kafin kowa. Idon ɗan aji biyu kuwa yana cikin yankin akuya dumu-dumu. Duk abin da yaro zai karanta ba tare da ɗaga kai ba, akuya za ta ci ba tare da ɗaga ƙafa ba. An kawo mafita uku. A manna a cikin aji: amma wannan ya fitar da ita daga ta'arifi, tunda ɗan aji ba mai wucewa ba ne, tsararre ne. A manna ta bayan gilashi, kamar a kantin magani: wannan ingantacce ne, sai dai gilashi ya yi ƙaranci. A rufe ta da ragar waya: wannan ma ya inganta, illa dai yaro zai fara sanin ɗakin karatu ne ta bayan raga, kuma malaman tarbiyya suna da magana a kan haka. Abin da na fi karkata gare shi shi ne a bar ta a sama, a girmama haruffa, a sa sura mai kiran yaro daga nesa, ya ja baya taki biyar ya karanta, in babu kabu-kabu a bayansa.

Idan aka ce: me ya sa kuke ɗaukar akuya abokiyar gaba, alhali tana da tsohon haƙƙi a kan littafi? Ashe ba fatar jar akuyar ƙasar Hausa ba ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita hamada, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko, suka yi wa manyan littattafansu bango da ita, har yau masu ɗinkin littafi suna neman ta? Wanda kakanninsa suka tufatar da ɗakunan karatun Turai, a hana shi ɗanɗana sanarwar na garinsu?

Sai mu ce: haƙƙin tabbatacce ne, ba ma musunsa. Amma haƙƙi ne da ke tabbata bayan yanka da jima, ba kafinsu ba. Akuya tana shiga ɗakin karatu ta hannun majemi, kuma ba a karɓar gado tun mai shi yana tsaye da ƙafafunsa, balle a ce shi ne mai karɓa.

Fasali na huɗu: bango da manne

Bangon siminti yana karɓar manne. Bangon ƙasa ba ya karɓa, sai dai ya ba da fatarsa: takarda ta faɗo da ɓawon yaɓe a bayanta, mai gida ya fito. A irinsa ana amfani da ƙusa, a huda marfin kwalbar lemo a sa mata a wuya, don kada iskar hunturu ta zare takardar ta kan ƙusar. Huɗu a kusurwa, ɗaya a tsakiyar gefen da ke fuskantar gabas.

Manne iri uku ne. Kunun rogo ko na fulawa shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi haɗari, domin wanda ya shafa shi ya haɗa wa akuya tuwo da miya. Gam na kanti ya fi shi aminci. Ƙaro kuwa yana da wata daraja ta nasaba: ɗab'in dutse da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a ƙasar Jamus a 1796 ba ya yiwuwa sai da ƙaro, kuma da wannan ɗab'i ne Jules Chéret ya cika bangunan Faris da fastoci masu launi tun daga shekarun 1860. Ƙaron kuwa daga Sahel ake kai shi. Wato fasta, tun tana jaririya, da ɗanyen kayanmu aka yi mata wanka.

Itace yana halatta in babu bango, amma da igiya, domin a ƙasar da kwamitin gari ke tsaron itatuwa, mai buga ƙusa a jikinsu zai yi bayani. Dogon yaro ya fi. Gawo makaruhi ne mai tsanani: da rani yake zubar da ƴaƴansa, gindinsa kuwa majalisar awaki ce.

Bangon da aka rubuta wa hani, a bar shi. A Faransa dokar 29 ga Yuli 1881 ce ta tsara wannan al'amari, har ta keɓe farar takarda ga sanarwar hukuma kaɗai. Namu bangunan sun fi damuwa da wani hanin daban, mai tarar jika biyar, kuma ba ya kyautuwa gidan tarihi ya yi maƙwabtaka da shi.

Fa'ida a kan launi: rana tana cin ja da rawaya kafin ta taɓa shuɗi. Wanda ke shakka ya dubi fuskokin ƴan takarar zaɓen da ya wuce, yadda suka koma shuɗaye gaba ɗaya ba tare da bambancin jam'iyya ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, abin ba ya ɗaukar lokaci. Don haka kada a rubuta rana da wuri da jan tawada. A rubuta su da baƙi.

Fa'ida a kan harshe: tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, tambayar wanda zai hau sama ta sami amsa. Amma a sani, harshen da aka sa a layin ƙarshe shi aka sallama wa akuya, don haka a yi shawara kafin a yanke. Ajami ba a barin sa, domin da yawa waɗanda boko bai isa gare su ba sun yi makarantar allo. Yana da wata falala kuma: shi daga dama yake tasowa, boko daga hagu, suna iya raba layi ɗaya su haɗu a tsakiya ba tare da gardama ba.

Kalmar "kyauta" tana buƙatar ƙaidi. In aka rubuta ta tsirara kusa da hoton gini, za a zo da buhu. A rubuta: shiga kyauta, littafi aro ne.

Fasali na biyar: gwargwadon kyau

Mai zane yakan ɗauka cewa iyakar ƙoƙarinsa shi ne iyakar alheri. Wannan kuskure ne, kuma ta fuska biyu.

Ta farko, fasta mai tsananin kyau ba ta kwana a waje. Sa mata hoton ɗan kokowa irin Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin ƙasa na farko a 1975, ko doki da cikakken ado, kafin gari ya waye an ɓamɓare ta a tsanake, ba yaga ko ɗaya. Za ka same ta a shagon tela, ko a ɗakin amarya, sama da jeren kwanoni, kusa da kalandar Kano. A can za ta shekara goma ba rana ba akuya, ana share mata ƙura, baƙi suna yabawa. Ta sami duk abin da gidan tarihi ke yi wa kayansa, ta rasa abu ɗaya da aka yi ta dominsa.

Ta biyu, gani ya kori ji, kuma a wannan babi yakan kori zuwa. Wanda aka nuna wa dorina sarai, da haƙoranta da komai, a bangon tashar Gazawa, ya riga ya ga dorina, kuɗin motarsa kuma suna aljihunsa. Don haka a nuna rabi a ɓoye rabi: kan dabba ba jiki, ƙofa a buɗe ba abin da ke ciki, littafi da hannu ya rufe ƙarshen shafinsa.

Hukunci dai shi ne kyau matsakaici: wanda ya isa ya tsayar da mai tafiya, bai isa ya tayar masa da sha'awar mallaka ba. Wannan ma'auni ba shi da kamu ba shi da taƙi, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Idan aka ce: ashe ba tozarta fanni ba ne a umurci gwani ya rage gwaninta? Sai mu ce: ba ragewa aka ce ya yi ba, rabawa aka ce. Ya zuba gwanintar a wajen da ɓarawo ba ya so, wato girman harafi, da tazarar layi, da fitowar rana da sa'a.

Idan aka ce: duk wannan wahala a kan takardar da ba za ta ga damina biyu ba? Sai mu ce: gajeren rai ɗabi'ar fasta ce a ko'ina, ba aibin ƙasarmu ba ne. A Amurka, hukumar samar da aikin yi da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1935 ta ɗauki masu zane marasa aiki, suka yi fastoci daga 1936 zuwa 1943, da yawansu na kiran mutane zuwa ɗakunan karatu da gidajen tarihi da nunin zane-zane. An ƙiyasta zane kimanin 35,000, an buga kwafi wajen miliyan 2. Waɗanda aka san sun tsira ba su wuce kimanin 2,000 ba, kusan 900 daga ciki suna ɗakin karatun Majalisar Dokoki a Washinton, inda yanzu sai an yi wata sanarwar kafin a zo kallonsu. Wannan asara ta auku a Shikago da Niyok, biranen da ba a san su da sakin awaki a titi ba. Adalci ya wajabta a rubuta wa akuya wannan a shafinta na dama.

Idan aka ce: ga rediyon gari, ga sanƙira, ga WhatsApp, me ya rage wa takarda? Sai mu ce: sanƙira yana faɗa ya wuce, rediyo yana buƙatar batir, waya tana buƙatar caji da kuɗin intanet. Fasta kaɗai ce ke tsayawa a rana tana maimaita magana ɗaya ba a biya ta kuɗin goro ba.

Mas'ala ta ƙarshe, a kan lamuni

Akuya ta ci rabin fasta na ƙasa, inda aka rubuta ranakun buɗewa. Wani mutumin Gidan Sori ya karanta rabin sama, ya hau kabu-kabu ya zo, ya tarar da ƙofa a kulle. Wa zai biya shi kuɗin mai?

A duba. In an manna ta ƙasa da haddi, lamuni yana kan mai manna, domin shi ya yi sakaci. In an manna ta daidai, akuyar ta taka amalanke ta kai, sai a tambaya wanne ya riga zuwa. In amalanken ya riga, mai manna ne dai, tunda ya gan shi. In fastar ta riga, a raba biyu tsakanin mai amalanke da mai akuya, sai fa in lokacin sakin dabbobi ne bayan an kwashe amfanin gona, to a nan mai akuya ya kuɓuta, rabonsa ya koma kan mai karatu, saboda ya ga gefen takarda da alamar haƙori bai yi tambaya ba.

In kuwa rabin sama aka ci, wannan ba aikin akuya ba ne. A nemi mai raƙumi, a kai maganar gaban mai gari.